Yadda na gyara notin rigar stabilaiza da ya cinye

Alhamdulillah rigar stabilaiza, wato rigar da ake sawa a jiki mai hannun da ke riƙe kyamara don hoto ya tsaya daidai, ta daina girgiza. Matsalar ita ce farantin gaba, inda hannun ke maƙalewa a ƙugu, yana ɗan motsi, da na ɗora kyamara sai hoto ya riƙa karkacewa gefe ɗaya, bayana kuma ya ɗau ciwo saboda nauyin ba ya zama daidai.

Da farko na zaci sifirin ɗin hannun ne, na duba lafiyarsa ƙalau. Na sa sabon noti da washa, nan ma juyawa kawai yake baya kamawa. Sai da na haska tocila cikin ramin na ga garin alminiyam fari-fari, ashe tiredin ramin ne, wato zaren da noti ke kamawa, ya cinye gaba ɗaya, don notin ƙarfe ya fi alminiyam tauri.

Na auna notin, 1/4-20 ne ba M6 ba, a kula sosai don suna kama a ido amma tazarar tiredinsu daban, 1.27mm da 1mm. Na cire farantin daga rigar, na faɗaɗa ramin da dirila mai inci 17/64 a miƙe cak, na yanka sabon tiredi da tap ɗin Helicoil (tap ƙarfen yanka tiredi ne, Helicoil kuma naɗaɗɗiyar waya ce da ke zama sabon tiredi a cikin rami) da ɗigon mai, in na juya gaba sai in ɗan dawo baya don garin ya fita. Na murɗa wayar Helicoil ɗin ta nutse ƙasa da fuskar farantin kaɗan, na karye ɗan harshenta na ƙasa. Na goge man tas, na ɗiga gam ɗin riƙe noti Loctite 243 shuɗi, banda ja don shi sai da wuta yake kwancewa, kuma kar ya taɓa roba. Na ɗaure da alanki na bar shi awa 24 kafin na ɗora nauyi.

Na gode wa abokin aikina da ya ara min tap ɗin.