Yadda ake aiki daga gida a Gusau ba tare da oga ya gaji da kai ba

Korona ta wuce amma aiki daga gida bai bi ta ba. Tun da Buhari ya sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris 2020, aka kuma ce ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, ƙungiyoyi da kamfanoni suka gano ashe ana iya mitin ba sai an kama ɗakin taro a otal an raba ruwan roba da kuɗin mota ba. Hukumar lafiya ta duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a watan Mayu 2023, amma har gobe ana ta Zoom. Yanzu haka akwai yaranmu a Gusau da Ƙauran Namoda da Mafara masu shigar ma ƙungiyoyin agaji da bayanai, masu fassara Turanci zuwa Hausa, masu zane, masu riƙe ma 'yan kasuwa shafin Facebook, oga yana Abuja ko Kaduna ko ma Ingila bai taɓa sa su a ido ba.

Na ga da yawa sun fara da zafinsu, kafin wani lokaci aikin ya suɓuce, kuma in ka bincika ba rashin iya aikin ba ne, an kira mitin ba a same su ba, an ce a turo abu ƙarfe sha biyu sai bayan la'asar ya iso. Ba zan tsaya koya maka buɗe imel ba, in ba ka iya wannan ba to da sauranka.

Abu na farko, kar ka fara da sayen laftop. Kowa da shi yake farawa, a ci bashi a sayo tokumbo mai kyau sannan a dawo gida a tarar ɗakin ko sabis babu. Ɗauki wayarka ka zagaya gidan, ɗakinka, zaure, tsakar gida, bayan ɗaki, ka buɗe fast.com, shafin gwada ƙarfin intanet, a kowane wuri ka ga abin da zai nuna, da safe ka gwada, da rana ka gwada, bayan isha'i ma ka gwada don lokacin ne kowa ke hawa intanet sabis ya yi nauyi. Ka yi haka da layin kamfani biyu daban. Inda sabis ya zauna nan ne ofis ɗinka, ko da ba ɗakin da ranka ke so ba ne. Layi biyu kuma dole ne, ɗaya a ƙaramar na'urar wayfai ɗaya a waya, ranar da wannan ya yi gardama ka koma wancan.

Sai wuta. Ka cire ran cewa wutar gari za ta riƙe maka aiki, in ta zo alhamdulillahi. Janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 ya zama abin mai hali, in ka kunna shi awa takwas kullum albashin a gidan mai zai ƙare, ga ƙararsa a cikin mitin. Sola ita ce magana, amma ka yi lissafi da kanka kafin ka shiga shago don mai shago abin da ke gabansa zai sayar maka. Laftop na cin wat 45 zuwa 65, duba jikin cajarka an rubuta. Wayfai bai wuce wat 10 ba, fankar sola da ƙwan fitila ɗaya su ƙara kamar 30, ka ce duka wat 100. Awa takwas kenan 100 sau takwas, 800 kake buƙata a rana. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 a takarda 1200 yake ɗauka, wato 12 sau 100, to amma in irin mai ruwan nan ne rabi kawai ake so ka sha, in kana tatse shi har ƙasa kullum ba zai daɗe ba, kenan 600 gare ka, bai kai ba. Ko ka sayi mai amfiya 200 ko ka daure ka sayi litiyom wanda ake iya shan mafi yawansa. Ni litiyom nake cewa a saya, tsada gare shi amma sau ɗaya za ka yi kuka. Fanel mai wat 300 ya ishi wannan ɗan kayan tunda rana dai Allah ya hore mana ita. Inbata kuma, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ka nemi mai fitar da tsaftatacciyar wuta, ba mai arhar nan da ke sa fanka gurnani ba.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba ya fara da laftop mai lafiyayyen batir da babban fawa bank na wayfai da waya, ya riƙa caji a shagon masu caji, ana lallaɓawa a haka kafin albashi ya fara shigowa. Abu biyu ke kashe kayan nan a garinmu, zafi da ƙura. Watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, kar ka aje batir a ɗakin kwano da ba silin, kar ka ɗora laftop a kan katifa ko filo ta toshe inda take shan iska. Da hunturu kuma ƙura na rufe fanel ya rage ja, ka hau da sassafe kafin ya yi zafi ka goge da ruwa da tsumma mai laushi.

To yanzu ga inda nake so ka nutsu, don a nan mafi yawa ke faɗuwa, mutanen gida. A wajenmu wanda ke gida ba shi da aikin yi, haka kowa ya tashi ya gani. Mai aiki shi ne wanda ya yi wanka ya sa hula ya hau mashin ya tafi sakatariya. Kai kuwa ga ka nan cikin ɗaki da singileti kana danne-danne, wa zai yarda aiki kake? Ana tsakiyar mitin oga ya jefo maka tambaya sai ga ƙanenka ya ɗaga labule, “Yaya, Inna ta ce tunda kana nan zamne ka kai niƙa.” Ka kore shi, minti biyar ya dawo, wai ana sallama da kai a waje, ka fita ka tarar kawu ne daga ƙauye ya zo asibiti kuma kai za ka raka shi. Ba ka isa ka ce ma kawu ya jira ka gama Zoom ba, kuma ba ka isa ka ce ma oga kawu ya zo ba. Da haka da haka oga zai fara cewa yaron nan ba ya da tabbas.

Maganin ba faɗa da yara ba ne ko kulle ƙofa, daga sama ake gyarawa. Kafin ranar farko ka samu mahaifinka lokacin da hankalinsa ke kwance, bayan magariba ko bayan ya ci tuwo, ka durƙusa ka yi masa bayani da irin abin da ya sani. “Baba, aikin ga da na samu kamar na ofis ne, akwai mai duba shigata da fitata, daga tara zuwa biyu in aka neme ni ba a same ni ba za a yanke min albashi, ina roƙon a sa min albarka kuma a faɗa ma mutanen gida.” In maganar ta fito daga bakinsa ta zauna, in daga bakinka ta fito to raini ne da girman kai. Inna kuma kar ka ce mata ba ka zuwa aike, ka tambaye ta tun da dare abin da ake buƙata gobe, cefane ne, niƙa ne, gas ne, ka gama shi kafin tara ko ka ɗauki nauyin kuɗin mashin ɗin yaron da zai je. Albashin farko kuwa ka tabbata gidan sun gan shi a tukunya, ko ɗan buhun shinkafa ne ko nama, daga ranar za ka ji Inna da kanta tana korar yara daga ƙofar ɗakinka tana cewa ku bar shi aiki yake.

Kuma ka yi shiga. Wannan ba na sassauci a kansa, ka yi wanka ka sa kaftani da hula kamar mai fita, ko da taku goma ne tsakanin ɗakin kwananka da shagon ƙofar gida da ka mayar ofis. Mutane da ido suke hukunci, kai kanka ma jikinka zai fi yarda cewa an fara aiki. Ka samu yaro ɗaya mai wayo cikin ƙanne ka naɗa shi mai tsaron ƙofa, duk wanda ya yi sallama ya ce masa Yaya na aiki sai bayan azahar, ka riƙa jefa masa ɗan na alawa. Manya irin kawu su ba a tsare su, ka fito ka gaishe su da kyau ka kawo ruwa ka faɗa masu lokacin da za ka tashi, yawanci in an girmama su suna haƙuri. Jana'iza dai ba a barinta, tura ma oga saƙo layi ɗaya kafin ka fita, ba bayan ka dawo ba. Suna da ɗaurin aure kuwa tunda an san ranarsu ka faɗa tun da wuri.

Akwai kuma 'yan caji. Ranar da maƙwabta suka hango fanel a kan rufinku ranar za a fara turo yara da waya uku uku da fitila, har da mai kawo fankar caji. In ka buɗe wannan ƙofar da safe, azahar batir ya faɗi mitin ya yanke. Ka sa doka tun farko, caji daga sha biyu zuwa uku lokacin da rana ke dukan fanel kuma batir ya cika, waya kaɗai, kuma a waje za a jona ba a ɗakinka ba. Hanawa gaba ɗaya ba ta yiwuwa, unguwa ɗaya kuke.

Ke kuma 'yar'uwa mai aure naki ya fi wuya, don ke ba ki da zauren gudu, ga girki ga goyo ga maƙwabciya ta shigo aron turmi ta zauna hira. Ki nemi aikin da ake auna shi da abin da aka gama ba da awannin zama ba, fassara ko shigar da bayanai ko zane, ki ɗora nauyinsa kan lokacin da yara ke makarantar boko da safe da lokacin Islamiyya da yamma. Maigida ya san jadawalin tun farko, kuma in da hali a samu yarinya mai riƙe jariri na awa biyun mitin.

Data kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025 ba abin wasa ba ce. Sayi ta wata, kar ka riƙa tsinkar ta kullum. A Windows shiga saitin wayfai ka kunna inda aka rubuta Metered connection, in ba haka ba kwamfuta za ta yi ta sabunta kanta ta shanye maka data kana barci. Bidiyo ne ke cin data a mitin, ka kunna kamara ka yi gaisuwa a ga fuskarka sannan ka kashe, kuma makirfon ɗinka ya zauna a kashe sai za ka yi magana, ba sai mutanen Abuja sun ji akuyarku da injin niƙan maƙwabta da mai tallan fura ba. Iyafis mai waya ya fi min na bulutut, ba ruwansa da caji. In kai ne mai kiran mitin ka tuna Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa.

Da oga kuma ku yi magana a fili tun ranar farko, lokacin sallah, Juma'a daga sha biyu zuwa uku ba ka nan, da azumi ƙarfe nawa za ka tashi. In a Ingila yake, lokacin zafinsu agogonku ɗaya ne, lokacin sanyinsu kana gabansa da awa ɗaya. Ka kuma faɗa masa inda kake zaune. Duk ɗan Zamfara ya tuna Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, Gusau ta yi kusan wata ɗaya ba kira ba intanet, wasu ƙananan hukumomin sun fi haka daɗewa. Don haka duk aikin da ke hannunka ka sauke kwafinsa a kwamfuta yadda za ka iya ci gaba ko ba sabis, kuma ka ba oga lambar wani ɗan'uwa a Sakkwato ko Zariya ko Kano da zai iya isar da saƙo.

Duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗin rajista ko ka kawo mutum uku kafin a fara biyanka ba aiki ba ne, an ga yadda MMM ta tafi da kuɗin mutane a 2016, haka CBEX a 2025. Yarjejeniyar albashi ta zama a rubuce ko da a WhatsApp ne.

Takunkumin fuska na lokacin korona kar ka zubar. Ba mai tare ka a ƙofar banki yanzu don ba ka sa ba, amma ranar da aka kira ku ofis ko taron bita kana mura ka sa, haka in za ka dubiya asibiti ko ka hau mashin cikin ƙurar hunturu. Na yadi a wanke da sabulu a shanya a rana, shuɗin nan na asibiti kuwa in ya jiƙe ko ya yi datti a yar, ba a wanke shi. Kujera ka samu mai jingina da tebur ko na roba ne, zaman tabarma da laftop a cinya bayanka zai gaya maka. In an tashi aiki ka rufe kwamfuta ka fita masallaci ka biya majalisa, saƙon da ya shigo bayan isha'i ya kwana sai da safe, in ba an yi da kai za a biya kuɗin ƙarin lokaci ba.