Yadda ake kula da karen gadi idan ya tsufa

Karen da ya kai shekara 8 yana gadin gida ya shiga tsufa, ko da furfura ba ta fito masa a baki ba. Manyan karnukan waje irin su Alsatian da Boerboel sukan riga haka, tun daga shekara 6 ko 7. Karenmu na gida, siririn nan mai dogayen ƙafafu da mafarauta ke so, yakan ɗan jinkirta. Abin da ya fi cutar da tsofaffin karnuka a gidajen Katsina da Daura shi ne kalmar nan "ai tsufa ne". Ya rame, tsufa ne. Ya daina tashi idan an buga ƙofa, tsufa ne. Alhali da yawan waɗannan ciwo ne mai magani in an gano shi da wuri, kuma ba a gano shi da kallo daga nesa, sai an auna an taɓa.

Fara da dubawar mako-mako. Ware minti goma ranar da ba ka zuwa aiki. Ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka debe na farko daga na biyu, ka rubuta nauyinsa a littafi. Karen da ke kilo 20 in ya zubar da kilo 2 cikin wata ɗaya ko biyu ba tare da an rage masa abinci ba, lokacin ganin likitan dabbobi ya yi. Sai ka shafa haƙarƙarinsa: ya kamata ka ji ƙashin a ƙarƙashin yatsunka ba tare da ka danna ba, amma kada ya fito ana ƙirgawa da ido. Ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Mai lafiya jajaja yake da laima. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, kuma a nan ƙasar yawanci kaska ce ta sa masa cuta ko tsutsar ciki ta tsotse shi. Duba haƙora ma. Baki mai wari da haƙori mai girgiɗi su ke sa kare ya zo wurin kwano da yunwa, ya ɗauki loma, ya sake ta, ya koma gefe. Ƙarshe ka bi jikinsa da tafin hannu daga wuya zuwa wutsiya kana neman kumburi. In karya ce, ka bi layin nonuwanta ɗaya bayan ɗaya, domin a nan ƙari ya fi fitowa.

Ruwan da yake sha shi ne ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya, kuma shi aka fi sakaci da shi. Kare yakan sha wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 20 ke nan lita ɗaya zuwa kusan ɗaya da kwata, wato leda biyu zuwa biyu da rabi na fiya wata. Ka zuba masa da gwargwado da safe, ka auna abin da ya rage washegari, ka yi haka kwana uku a jere. A bazara shan zai ƙaru, wannan ba komai. Amma in lokacin sanyi ne ko damina ya wuce lita biyu kullum, yana ta fitsari, to ana zargin ƙoda ko ciwon suga. In kuwa karya ce da ba a yi wa aikin cire mahaifa ba, ta gama lokacin barbararta da wata ɗaya zuwa biyu, sai ga yawan shan ruwa, kasala, wani lokaci da mugunya tana fita ta bayanta, wannan mahaifa ce ta ruɓe, kuma tana kisa cikin kwanaki. Ranar za a kai ta asibitin dabbobi. Kada a rage wa kare ruwa don a hana shi fitsari a tsakar gida; mai ciwon ƙoda haka na iya ƙarasa shi.

Abinci a raba shi biyu, safe kafin ka fita da kuma bayan magariba, maimakon tuli ɗaya da dare. Mai kilo 20 da ba ya yawan zirga-zirga, giram 500 zuwa 700 na dafaffen abinci a yini ya ishe shi, sai ka ƙara ko ka rage bisa abin da sikeli ya nuna. Sauran tuwo kaɗai ba ya riƙe tsoka, shi ya sa za ka ga cinyoyin tsohon kare sun zube ciki kuma ya yi tulu. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya zama nama marar kitse, kifin da aka cire wa ƙaya ko dafaffen ƙwai, saura shinkafa ko tuwo da dafaffiyar kabewa ko karas. Bawon ƙwai da aka busar aka daka ya yi laushi, rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilo na abinci, yana cike gurbin ƙashi. A jiƙa abincin da romo marar gishiri da yaji saboda haƙora. Ban da albasa da tafarnuwa, suna fasa ƙwayoyin jininsa, don haka miyar gida ba tasa ba ce. Ban da goro, cakulan da zabibi. Dafaffen ƙashin kaza kuwa tsagewa yake ya soki hanji. A babbar sallah a ja wa yara kunne: kitsen layya da ake ta jefa masa don so, shi ke kwantar da tsohon kare da amai da ciwon ciki mai tsanani.

Ciwon gaɓoɓi yana nuna kansa da asuba, musamman a hunturu. Kare zai ɗaga gaba, baya ya ƙi tashi, sai ya yi 'yan taku kafin jiki ya sake. Kankare da tayil abokan gabarsa ne, na farko yana sa masa kanta da gyambo a gwiwar hannu, na biyu yana zame shi. Yanko tsohuwar katifa mai kaurin yatsu huɗu, ka rufe da buhu, ka ajiye inda iskar gabas ba ta bugawa. Tafiya kada ta tsaya: minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana a kan ƙasa mai laushi ya fi doguwar tafiya ɗaya ranar Asabar. Ka rage masa farata duk mako uku ko huɗu, tsinin kawai, don akwai jijiyar jini a ciki. Abin da ba a yi ko kusa shi ne ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna huda masa ciki su lalata ƙoda, farasitamol ma in ya wuce kima yana cin hanta. Akwai na karnuka, likita ke yanke adadinsa bayan ya duba lafiyar ƙodar.

Zafin Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40 a Katsina, yana da haɗari ƙwarai ga tsofaffin karnuka. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, tsoho kuma zuciyarsa ba ta jure dogon haki. Inuwar da ka ɗaure shi a ciki da ƙarfe bakwai na safe ta gudu kafin azahar, kai kuma kana ofis. Ka tsaya gida wata rana ka ga inda inuwa take da ƙarfe biyu, can ne mazauninsa, da kwanon ruwa biyu masu nauyi don ko ya kifar da ɗaya. Kafin fita da shi ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta daƙiƙa bakwai. In ba ka iya jurewa, tafin ƙafarsa ma zai ƙone. In ka tarar da shi yana haki ba tsayawa, yawu na dalala, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa ka riƙa kwara masa ruwan randa a jiki da ciki da cinyoyi kana yi masa fifita, kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma don yana riƙe zafi, sannan a wuce asibiti ko da ya farfaɗo. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 ne zuwa 39.2.

Rigakafin haukan kare ana sabunta shi duk shekara, tsufa ba ya ɗauke shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana haɗa wannan allura. Maganin tsutsar ciki duk wata uku, bisa nauyinsa na yanzu. Kaska takan yi yawa da damina, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Fiya-fiya da baƙin mai da wasu ke shafa wa kare guba ne, fata tana tsotse su.

Idan ji da gani sun ragu, sai a canza yadda ake tunkarar sa. A buga ƙafa a ƙasa kafin a taɓa shi, kuma a hana yara faɗa masa yana barci, domin karen da bai taɓa cizo ba yakan kai baki in an firgita shi. Gadi kuma ya wuce shi, kada a dogara da haushinsa. In an kawo kwikwiyo, kowa da kwanonsa, nesa da juna.

Lokacin tafiyar iyali, biki a Kano ko sallah a ƙauye, barin sa a gida ya fi ɗaukar sa, in dai akwai wanda ya saba da shi. Mutumin ya zo ya ba shi abinci da hannunsa kwana biyu ko uku kafin ku tashi. Ka rubuta masa a takarda gwargwadon abinci, lokacin magani, lambar likita, da abubuwa huɗu da in ya gani ya kira nan take: ƙin abinci yini guda cur, amai fiye da sau biyu, kasa tashi, ko numfashin da ya wuce 30 a minti alhali kare yana barci. Ka bar kuɗin asibiti a hannunsa, kada sai an nemi layinka.