Ka samu gurbi a jami'a? Ga yadda za ka ci moriyar shekarun

Ƙanena da ka samu gurbi a BUK ko Wudil ko Poly, barka da arziki, amma ka saurare ni da kyau, shekarun nan da kake gani kamar ba za su ƙare ba wallahi kafin ka ankara za ka ji ana maganar furojek, wato binciken kammala karatu.

Fara da lebul wan, wato shekarar farko, don nan ne yara suka fi yin sakaci. Mutum ya shigo da ɗoki, sabbin kaya, sabbin abokai, a zauna a gindin bishiya ana hira ana danna waya, wai sai an je lebul tiri za a dage. To CGPA, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasanka, tarawa take yi tun daga semestar farko, duk kwas ɗin da ka faɗi sifili ne a lissafinka kuma sai ka sake shi. A tsarin maki 5 na jami'a, 4.50 zuwa sama shi ne matakin farko, 3.50 zuwa 4.49 shi ne tu wan, wato mataki na biyu na sama, wanda wuraren aiki da masu ba da tallafin karatu da yawa ke nema. Yanzu yi lissafi, idan ka gama shekara biyu da 2.50 a kwas na shekara huɗu, sai ka riƙa cin wajen 4.50 a sauran biyun kafin ka taɓo 3.50, kuma a lokacin ne karatun ya fi zafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ka riƙa shiga lakca, ko ta ƙarfe takwas ce a sabuwar jami'a ta BUK can hanyar Gwarzo, ka fito da wuri saboda cunkoson Kabuga da neman adaidaita. Zauna gaba gaba inda za ka ji muryar malam, ka rubuta da hannunka, kar ka dogara da hoton littafin wani da aka turo a gurup ɗin WhatsApp. Tes da asaimen kuma kar ka raina su, sau tari su ke ɗaga mutum ranar da jarrabawa ta zo da gardama. Ka nemi tsofaffin tambayoyi wajen na gaba da kai tun farkon semesta.

Sai maganar da ta fi damuna, hutu da yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai na gida. Wasu barci da kallon bal a majalisa suka cinye musu watannin, wasu kuwa suka koma makaranta da sana'a a hannu. Kai a Kano kake fa, garin da ko ina ka juya akwai mai koyarwa, Farm Centre ga gyaran waya, Kantin Kwari ga harkar yadi, Ƙofar Wambai ga masu takalma da jaka, ga teloli a kowane lungu. Ka je ka gaida mai shago cikin ladabi, ko ka sa babba ya kai ka, ka yarda a aike ka, ka share shago, ka riƙe masa waya yana kwancewa kana kallon inda kowane ƙaramin noti ya fito. Ba faɗuwar girma ba ce don kana ɗan jami'a. Kwamfuta ma dole, ko Word da Excel ne ka iya su sosai, don kada a lebul fo ka riƙa biyan kuɗi a buga maka kowane shafi.

Idan kwas ɗinka na da SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata ko kamfani, ka yi shi tsakani da Allah. Masu kai logbuk, littafin rubuta aikin kullum, a sa musu hannu suna gida kansu suke cuta, don a wurin nan ne ake sanin fuskarka, kuma wanda ya ga ƙoƙarinka shi zai tuna da kai ran da aka ce ana neman mutum.

Malamanka ka san su, su san ka da alheri, watarana za ka buƙaci takardar shaida daga ɗayansu. Abokai kuwa ka duba da kyau, wanda ya fara miƙo maka ƙwaya wai ta hana barci don karatu, ka rabu da shi tun ranar.

Ƙanwata, ke kuma idan aure ko haihuwa ya zo a tsakiyar karatu kar ki ɓace haka kawai, ki je wajen kodinetan ajinku ki rubuta takardar ɗage karatu a hukumance, ki ajiye kwafi.

In kuɗin rajista ne ya gagara, akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, ka karanta sharuɗɗansa da kanka kafin ka cike. Kuma duk risit da fom ɗin rajistar kwasa-kwasai ka zuba su a fayil guda, ka ɗauki hotonsu a waya, don ranar kiliyarans, wato tantancewar kammala karatu, sai an tambaye ka har na lebul wan.