Yadda ake gane jakar ƙwai mai mutuwa a gidan ƙwan saniya

Fiye da kashi 99 cikin 100 na jakunkunan da ke gidan ƙwan saniya, akuya ko mace ba sa kai ga sakin ƙwai. Ƙwayoyin halittarsu ne ke mutuwa bisa tsari, abin da Kerr, Wyllie da Currie suka raɗa wa suna afoftosis a 1972. Wannan ba cuta ba ce. Cikin zagayen kwana 21 saniya kan tayar da rukuni biyu ko uku na jakunkuna. A kowane rukuni ɗaya ce ke rinjaya, sinadarin FSH, mai sa jakunkunan girma, ya ja baya, sauran su shanye. Ɗalibin likitancin dabbobi zai iya ganin haka da idonsa.

Da farko ka sammako mayanka. Da zarar mahauci ya farke saniya, ka yanko gidan ƙwan, ka tsaga shi, ka tsoma a fomalin (ruwan hana nama ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10 nan take. A nan aiki ya fi lalacewa: naman da ya jima cikin zafi yakan fara ruɓewa, kuma a madubin maikuroskof ruɓa tana kama da mutuwar da kake nema. Kafin ka tsoma, duba da ido. Jaka mai lafiya garau take, da jijiyoyin jini. Mai mutuwa ta dushe.

Bayan kamar awa 24, a tsane ruwan da alkohol, a dasa naman cikin kakin farafin, a yanka siriri, kaurin maikuron 5 (maikuron ɗaya ne bisa dubu na milimita), a rina da hematoksilin da iyosin.

Sai madubin maikuroskof. Kai idonka kan ƙwayoyin giranulosa da ke shimfiɗe a bangon jakar ta ciki, don a manyan jakunkuna su ne ke fara mutuwa. A lafiyayyiya jere suke, manne da juna. A mai mutuwa za ka ga cibiyoyinsu sun tsuke, sun yi duhu, wasu sun farfashe, wasu sun ɓalle suna yawo cikin ruwan jakar. Ƙwaya ɗaya ko biyu ba hujja ba ce, shi ya sa ya kamata ka tsayar da ma'auninka tun kafin ka fara ƙirga.

In ɗakin gwajinku na da hali, a ƙara da gwajin TUNEL, mai nuna DNA da ya gutsuttsure. Amma kada ka dogara da shi kaɗai, domin yakan kama har ƙwayoyin da suka mutu ta hanyar rauni. Ka haɗa da rinin kasfes-3, sinadarin da ke aiki lokacin afoftosis, sannan ka gwama da siffar da ka gani.