Kurakuran masu koyon zane irin na John Bauer

Na gaji da ganin masu koyo suna kawo mini zane suna cewa sun bi salon John Bauer, ɗan ƙasar Suwidin da ya yi suna da zanen tatsuniyoyi a littafin shekara-shekara na Bland tomtar och troll (wato "Cikin 'yan aljanu da dodanni") tun daga 1907, alhali abin da suka zana bai wuce dodon tsorata yara ba.

Babban kuskuren yana wajen launi. Da fentin ruwa Bauer yake aiki, kuma yawancin launukansa toka-toka ne, da ruwan ƙasa, da kore mai duhu irin na gansakuka, wato kamannin dazuzzukan Småland, yankin kudancin Suwidin inda ya tashi. Haske kuwa wuri ɗaya yake ajiye shi, kamar a zanen gimbiya Tuvstarr na 1913, inda take zaune a bakin tafki mai duhu, jikinta da gashinta kaɗai ke haskawa. Ni kaina na taɓa ɓata aikin mako uku a nan. Na ga kamar dajin ya cika duhu, sai na ƙara masa kore mai ƙyalli, da ya bushe yarinyar da na zana ta ɓace a cikin ganyaye, kuma fentin ruwa idan ya zauna ba ya goguwa gaba ɗaya. Tun daga ranar nake keɓe wurin haske da farko, sannan in shafa duhu kaɗan-kaɗan har sau biyar ko shida, ina jiran kowane shafi ya bushe. Wanda ba shi da wannan haƙurin gara ya nemi wani salon.

Sai dodannin. Ku daina ba su fiƙoƙi da jajayen idanu! Na Bauer ƙattai ne masu manyan hanci, sun yi kama da duwatsun da suke zaune a kai, kuma kallon mamaki suke yi wa ɗan Adam. Ku lura da tufafinsu, domin tafiyarsa zuwa yankin mutanen Sami, 'yan asalin arewacin Suwidin, a 1904 ta bar alama a kansu.

Itatuwa a miƙe suke, bakin takarda ya yanke su, ba a zana kawunansu.

Kada kuma a haɗa shi da Gustaf Tenggren, wanda ya ɗauki zanen littafin bayansa, daga baya ya yi aiki da Disney a fim ɗin Pinocchio na 1940. Bauer ya rasu ne a 1918, lokacin da jirgin ruwan Per Brahe ya nutse a tafkin Vättern.