Kurakuran da 'yan sa kai suke yawan yi wajen gadin kunkurun teku a Ada

A bakin tekun Ada Foah a Ghana, can inda kogin Volta yake faɗawa teku, daga wajen Oktoba zuwa Maris ne kunkurun teku suke hawowa tudu yin ƙwai, kuma lokacin ne sababbin 'yan sa kai suke cika wajen kowa da zumuɗinsa, to zumuɗin nan shi ke ɓata mana aiki wallahi.

Babbar matsala tocila ce. Mutum ya hango uwa ta fito daga ruwa sai ya dalle ta da farin haske, ko ya kunna filashin waya wai zai ɗora a Facebook, ita kuwa ta juya abinta ta koma da ƙwanta a ciki. 'Ya'yan ma in sun ƙyanƙyashe hasken da ke kan teku suke bi, ka haska musu sai su nufi gari, karnuka su gama da su. Jar tocila ake riƙewa, ka tsaya ta bayanta, kar ka matso da tef ɗin awo sai ta fara zuba ƙwai tukuna.

Sai masu tausayi, masu kwashe ƙwai su canza masa waje. Bayan 'yan awoyi da haihuwa ɗan tayin ya riga ya manne a jikin ɓawo, kana juya ƙwan ka kashe shi, kuma zafin yashi ne ke sa a samu mace ko namiji, in ya haura digiri 29 mata sun fi yawa. Ƙwan nan kusan kwana 60 zai yi a ramin. In ka ga ruwa zai cinye ramin kira ma'aikatan gandun daji kawai, aikinsu ne.

Rubutu kuma nan ne ake kwafsawa. Ba kowane sawu ke da rami ba, wata tana hawowa ta zaga ta koma ba ta yi komai ba, ni kaina daren farko rami uku na rubuta ashe ɗaya ne. Ka auna faɗin sawun, na babban irin kunkurun, mai baƙar fata a baya, yakan kai mita 2, kamar tarakta ta bi wajen, na ƙaramin irin ko mita 1 bai kai ba. In ka ƙirga ka ja layi da ƙafa ka goge shi, kar 'yan safe su sake ƙirgawa. Daren da ba ka ga komai ba ma rubuta, kwanan wata, lokaci, "babu".

Matacciyar dabba kuwa hannunka ya kiyaye ta. A Afrilun 2021 dolfin da yawa ruwa ya watso a Axim, wani gari a bakin teku a yammacin Ghana, mutane suka yi ta kwasa zuwa gida har sai da hukuma ta yi gargaɗi kar a ci. Kai dai ɗauki hoto, rubuta wajen, ka buga waya.