Yadda Ake Kafa Kasuwa a Cikin Aji Huɗu

Yaron da ya tashi a unguwar Asawase ko Aboabo a birnin Kumasi ya iya lissafi tun kafin a sa shi makarantar boko, domin tun yana ƙarami ake aikensa sayen koko da ƙosai, kuma ba ya yarda a cinye masa canji. Abin da ke ba shi wahala a aji huɗu shi ne harshe. A tsarin ilimi na Gana ana koyarwa da harshen gida har aji uku, daga nan Turanci ya karɓa, amma Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ware wa makarantu. Saboda haka yaran zango a Kumasi sukan fara da Tonanci, wato harshen Twi na Asante, su wuce Turanci, Hausarsu kuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Wasan kasuwa hanya ce ta shigo da ita aji.

Mako guda kafin darasin, malami ya sa yara su tara gwangwanayen madara da na tumatir, da kwalayen ashana, da marafan kwalba. Sannan ya yanka kwali ya rubuta sidi 1, 2, 5, 10 da 20, marfin kwalba kuma ya zama rabin sidi. Kada a kawo abin ci na gaske. Na taɓa gwadawa da gyaɗa soyayya, kafin in gama bayani rabin hajar ya ƙare.

A raba ajin rukuni-rukuni, kowanne yara biyar ko shida, tebur ɗaya ya zama rumfarsu. Ɗaya mai kaya, ɗaya mai rubuta ciniki a littafi, sauran masu saye, kuma bayan minti goma a yi musanya. A nan ne malami zai sa ido sosai, domin in an bar su, yaro mai baki ne zai riƙe rumfa har a tashi, yarinya mai kunya kuma ta ƙare da kallo.

A zagaye na farko a bar su su yi ciniki da Hausa, su taya, a ce albarka, a sallama, kamar yadda suke gani a babbar kasuwar Kejetia. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya ba da canji sai ya faɗi yadda ya samo shi. Yaron da aka ba sidi 20 a kan kayan sidi 13 yakan ƙirga daga 13 ya hau zuwa 20, ba ya ɗebewa kamar yadda ake yi a allo. A ganina kuskure ne a hana shi. Malami ya rubuta hanyoyin biyu gefe da gefe, yaron ya ga bakwai ɗin guda ce.

A zagaye na biyu a maimaita cinikin nan da Turanci, da jimloli uku ko huɗu da aka riga aka rubuta a allo. Manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Gana, ta fitar a 2019 tana son yara su yi aiki tare, wannan kuwa ya dace da ita.

Minti biyar na ƙarshe na rufe rumfa ne. Kowane rukuni ya ƙirga kuɗin da ke hannunsa ya gwada da abin da ke littafi, inda aka sami giɓi kuma shi zai zama aikin gida.